Arahar kujera a tasin haɗaka: daga aljihun wa ake cire ragin?

Mota ɗaya ce, direba ɗaya, hanya ɗaya, man da za a ƙona ma kusan ɗaya ne, amma kuɗin iri biyu. Wanda ya ɗauki shatar tasi shi kaɗai yana biyan kuɗin motar gaba ɗaya, wanda kuwa ya yarda aka yi lodi da shi tare da mutanen da bai sani ba, kuɗin kujerarsa kawai yake biya, kuma sau da yawa kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin shata ba. Wannan tsari na tasin haɗaka ya game duniya da sunaye dabam-dabam: a Turkiyya ana kiransa dolmuş, kalmar da ke nufin abin da aka cika maƙil, a Tunisiya louage, a Labanon servis, a Maroko babbar tasi, a Kenya matatu. Duk inda aka same shi kuma ana samun gardama iri ɗaya a duk lokacin da hukuma ko ƙungiya ko kamfani ya rage kuɗin kujera, ko ya hana a ƙara shi: shin an yi wa direba adalci, kuma shin baƙon da ya zo daga wata ƙasa ya cancanci wannan araha, ko kuwa shi ne ma ake tatsa a ɓoye domin cike giɓinta?

Abin da ya kamata a fara warwarewa shi ne cewa arahar tasin haɗaka, a asalinta, ba sadaka ba ce da direba yake yi wa jama'a. Fasinjan haɗaka yana biyan sauran kuɗin da wasu abubuwa waɗanda ba a rubuta su a jikin tikiti: yana zaman jira har mota ta cika, yana jure matsi, yana haƙuri a tsaya a sauke wani a ɗauki wani, kuma ana ajiye shi a bakin titi ko a tasha, ba a ƙofar gidansa ba. A Tunisiya motar louage mai jan zane, wadda ke zirga-zirga tsakanin manyan garuruwa, fasinja 8 take ɗauka, kuma ba ta da lokacin tashi sai lokacin da kujera ta takwas ta samu mai ita. A Maroko tsofaffin Marsandi da suka daɗe suna wannan aiki mutum 6 suke ɗauka bayan direba, biyu a gaba, huɗu a baya. Idan mutum shida suka raba kuɗin tafiya ɗaya, kowa ya biya kaɗan, direba kuma ya tashi da abin da ya kai kuɗin shata ko ya ɗara, to babu wanda aka ƙwara. Wannan ita ce arahar da ta fito daga cikar kujeru, kuma ba ta da aibu.

Matsalar tana farawa ne daga araha ta biyu, wadda ake sanarwa da baki ko a takarda ba tare da an taɓa ko ɗaya daga cikin abubuwan da direba yake kashewa ba. Domin a gane nauyinta, dole a duba yadda ake raba cinikin yini. A ƙasashe da yawa direban ba shi ne mai motar ba. Yana karɓar mukulli da safe bisa sharaɗin zai kawo wa mai mota balas da dare, adadi tsayayye, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. A Filifin wannan tsari shi ne ginshiƙin aikin motocin haya da ake kira jeepney, a Kenya ma haka masu matatu suke yanka wa direba da kwandasta abin da za su kawo kullum. A Maroko akwai ƙarin bene guda, domin takardar izinin tasi sau da yawa tana hannun wani mutum dabam wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba, yana bayar da hayarta ne kawai yana karɓar nasa kaso duk wata. Bayan balas akwai mai, akwai kuɗin tasha da na ƙungiya, akwai na kamasho, akwai facin taya da ƙananan gyare-gyaren da mai mota ba ya son jin labarinsu. Abin da ya rage bayan an cire duk waɗannan shi ne na direba.

A ɗauki misali na lissafi kawai, ba na wata ƙasa ba. A ce cinikin yini ya kama 100. Mai ya ci 40, balas 30, tasha da sauran tarkace 10, direba ya koma gida da 20. Sai aka wayi gari aka ce an rage kuɗin kujera da kashi 10 cikin 100, wanda a kunnen fasinja ragi ne ɗan kaɗan, wataƙila ma ya ce bai taka kara ya karya ba. Ciniki ya koma 90. Gidan mai bai rage ko kwabo ba, mai mota bai rage balas ba, tasha ba ta yafe komai ba, saboda haka 80 ɗin nan tana nan daram, direba kuma ya koma gida da 10. Ragin kashi 10 a wajen fasinja ya zama ragin rabin abin da iyalin direba za su ci. Alƙaluman za su bambanta daga wuri zuwa wuri, amma siffar lissafin ba ta canzawa, domin direba shi ne na ƙarshe a layin rabo, kuma duk wata girgiza, ta farashin mai ce ko ta kuɗin kujera, a kansa take ƙarewa. Wannan shi ya sa idan ana muhawarar adalcin kuɗin mota, yawan kuɗin kujerar ba shi ne muhimmin adadi ba. Muhimmin adadi shi ne abin da ya saura wa mutumin da ya yi awa goma sha biyu ko fiye a zaune yana tuƙi, wanda kuma a tsarin balas aka mayar da shi kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu goyon bayan ragi suna da amsa, kuma amsar tana da ƙarfi a wasu wurare. Suna cewa idan kujera ta yi araha mutane za su ƙaru, mota za ta riƙa cika da wuri, direba zai yi sawu da yawa, abin da ya rasa a kan kowane fasinja ya mayar da shi a yawa. Hakan yana iya faruwa a hanyar da motoci ke yawo da kujeru babu kowa, ko inda jama'a suka koma tafiya a ƙasa saboda tsada. Amma tasi ba jirgin ƙasa ba ce da za a ƙara mata taragu. Kujerunta ƙidayayyu ne, awannin yini ƙidayayyu ne, kuma a tashar da ake bin layi, direba ba ya lodi sai layinsa ya zo, komai yawan fasinja. A misalin da ya gabata, kafin ciniki ya koma 100 bayan ragin kashi 10, sai fasinjoji sun ƙaru da kusan kashi 11 cikin 100, kuma idan ƙarin ya buƙaci sabon sawu to sabon mai ne za a sha. Motar da dama can take tashi a cike ba ta da inda za ta sa ƙarin mutane, sai dai ta hanyar da doka ta hana.

Nan ne ake ganin yadda direba yake rama asararsa, domin ba ya zama ya rungume hannu. Yana ƙara mutum ɗaya a kujerar da aka yi wa uku, yana taka mota domin ya samu ƙarin sawu kafin dare, yana jinkirta canjin birki da taya, yana tuƙi da barci a idonsa. Abin da ya faru a Kenya a shekarar 2004 ya tona wannan asiri ta ɗaya fuskar. Ministan sufuri na lokacin, John Michuki, ya kafa dokokin da suka tilasta wa matatu sanya na'urar taƙaita gudu a kilomita 80 cikin awa, da bel ga kowane fasinja, da hana ɗaukar mutane fiye da yawan kujeru, sai ga shi kuɗin mota ya tashi. Ma'anar wannan ita ce tsohuwar arahar ba daga sama ta faɗo ba, cunkoso da gudu ne suke ɗauke da ita, kuma fasinja yana biyan bambancin da kasadar ransa ba tare da ya sani ba. Araha ba ta ado, musamman a abin da ke gudu a kan titi da rayuka a ciki.

Hanya ta biyu ta ramawa ita ce guje wa hanyar da ba ta biya. A birnin Havana na ƙasar Kyuba, inda tsofaffin motocin Amurka na shekarun 1950 suke aikin tasin haɗaka, hukumomi sun ƙayyade mafi yawan abin da za a karɓa a kan hanyoyi a farkon shekarar 2017, a daidai lokacin da samun mai yake yi wa direbobi wuya. Abin da ya biyo baya shi ne raguwar motoci a kan titi da tsawaitar jira a bakin hanya. Wannan ɗabi'a ce da ake gani a ko'ina aka danne farashi ƙasa da abin da aiki ke ci: direba ya raba doguwar hanya gida biyu ya karɓi kuɗi sau biyu, ko ya ce shi shata kawai yake ɗauka, ko ya koma ƙofar otal da filin jirgin sama inda ake biya da kauri. A takarda talaka ya samu sauƙi, a bakin titi kuwa ya rasa motar da zai shiga.

Ba gwamnati kaɗai ke irin wannan kyauta da aljihun wani ba. Kamfanonin manhajar kiran mota sun gwada nasu salon: a shekarar 2014 Uber da Lyft suka fito da tsarin haɗa fasinjoji a mota ɗaya bisa ragi, inda ake yi wa mutum alkawarin araha tun kafin a san ko za a samu wanda zai raba tafiyar da shi. Idan ba a samu ba, dole wani ya ɗauki nauyin kujerar da ta tafi babu kowa, ko kamfani daga kuɗin masu zuba jari, ko direba ta hanyar ƙarin tsaye-tsaye da kewaye a kan ladan da bai kai wahalar ba. An dakatar da tsarin a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, daga baya Lyft ta yi watsi da shi a 2023. Tsohuwar tashar mota, duk da hayaniyarta, ta fi manhajar gaskiya a wannan gaɓa, domin ba ta sayar da kujera da araha sai ta tabbatar sauran kujerun sun cika.

Akwai kuma ragin da aka yi da kyakkyawar niyya ga wani rukuni. A Filifin doka ta ba ɗalibai da tsofaffi da masu buƙata ta musamman ragin kashi 20 cikin 100 a motocin haya. Babu mai hankalin da zai ce ɗalibi ko tsoho bai cancanci sauƙi ba. Tambayar ita ce wa ya kamata ya biya, al'umma gaba ɗaya ta baitulmali, ko direban da tsautsayi ya sa hanyarsa ta bi ta ƙofar makaranta? A tsarin balas, daga cinikin ranar ake zare wannan ragi, watau daga kason mutumin da shi kansa yake fafutikar biyan kuɗin makarantar nasa 'ya'yan.

Duk wannan ba ya nufin a sakar wa direbobi mara su yanka abin da suka ga dama. Inda ƙungiya ɗaya ta mallake hanya, babu bas, babu jirgin ƙasa, fasinja ba shi da zaɓi, kuma ana iya tsuga masa kuɗi ranar ruwan sama ko jajibirin biki ba tare da wani dalili ba sai don an ga ya matsu. A Afirka ta Kudu ƙananan bas-bas na haya su ne ke ɗaukar fiye da rabin masu amfani da sufurin jama'a, ƙungiyoyinsu ne ke yanke kuɗin hanya, kuma rikicin mallakar hanyoyi a tsakaninsu ya daɗe yana cin rayuka. Amma a can ɗin ma akwai ɗaya gefen labarin, domin bas da jirgin ƙasa suna samun tallafin gudanarwa daga gwamnati, su kuwa masu ɗaukar mafi yawan jama'a ba sa samu. Hukumar da ke son kujera ta yi araha tana da hanyoyin da ba sai ta murɗe wuyan direba ba: ta rage kuɗin tasha da harajin hanya, ta hana karɓar na goro a shingaye, ta sa iyaka ga balas da hayar takardar izini, ko ta biya bambancin da kanta. Maroko ta bi wannan hanya ta ƙarshe a shekarar 2022, lokacin da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo, ta riƙa ba masu sufuri tallafin kuɗi kai tsaye domin kada kuɗin mota ya tashi. Ko a irin wannan ma sai an sa ido a ga hannun da tallafin yake faɗawa, na mai takarda ne, na mai mota ne, ko na wanda yake sayen man da safe daga aljihunsa.

Batun baƙo ɗan ƙasar waje yana da fuska biyu, kuma yawanci ana cakuɗa su. Fuska ta farko ita ce ta masu cewa baƙo bai cancanci arahar ba tun farko. Hujjarsu ita ce an yanke kuɗin kujera ne bisa ƙarfin aljihun ɗan ƙasa, a wasu ƙasashen ma da tallafin mai da ake biya daga dukiyar 'yan ƙasa, saboda haka ɗan yawon buɗe ido da ya iya biyan kuɗin jirgi daga wata nahiya bai kamata ya ci daga wannan akushi ba. Ba magana ce da za a yi wa dariya ba, domin ƙasashe da dama sun amince da farashi biyu a fili. A Taj Mahal, shahararren ginin tarihi na Indiya, ɗan ƙasa yana shiga da rupi 50, ɗan ƙasar waje da rupi 1,100. A birnin Venis na Italiya tikitin jirgin ruwan haya na baƙo ya ninka na mai katin zama a birnin sau da yawa. Sai dai waɗannan misalai suna da siffofin da ƙarin da direba yake yi wa baƙo a bakin titi ba shi da su: an rubuta farashin kowa yana gani tun kafin ya yanke shawara, ana tantance mutum da takarda, kuma ƙarin yana shiga asusun da ake kula da wurin ko jiragen. Ko da hakan ma ba ko'ina doka ta yarda ba, domin a shekarar 2003 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa Italiya ta saɓa doka da ta keɓe rangwamen shiga gidajen tarihi ga 'yan ƙasarta da mazauna yankin, ta bar sauran 'yan ƙasashen tarayyar.

A cikin tasi babu mai duba fasfo. Da fuska ake tantancewa, da launin fata, da karin harshe, da irin jakar da mutum ya rataya. Ma'aunin nan kuwa maƙaryaci ne. Mafi yawan baƙin da ke shiga tasin haɗaka ba masu kuɗin da ke kwana a manyan otal-otal ba ne, domin waɗancan shata suke ɗauka. Masu zaman jiran mota ta cika su ne ɗalibai, da 'yan ci-rani, da 'yan gudun hijira, da ƙananan 'yan kasuwa masu tsallaka iyaka, waɗanda da yawansu sun fi direban talauci. Haka nan akwai wanda ya shekara ashirin a ƙasa yana biyan haraji amma fuskarsa ta baƙo ce, akwai kuma ɗan ƙasa attajiri da zai biya kuɗin talaka babu mai ce masa uffan. Idan hujjar ita ce mai hali ya biya fiye da marar hali, to kamanni ba ya nuna hali. Idan kuma hujjar ita ce tallafin gwamnati, to direba ba mai karɓar haraji ba ne, abin da ya ƙara ba ya komawa baitulmali, kuma sau da yawa baƙon ya riga ya biya kuɗin biza da harajin kayan da yake saya.

Fuska ta biyu ita ce ta cuta ƙarara, wadda ke dogara ga rashin sani. Wani bincike da masana tattalin arziki suka yi a birnin Atens na ƙasar Girka, wanda aka wallafa a 2013, ya tura fasinjoji suna nuna kansu a matsayin 'yan gari, ko 'yan ƙasa daga wani gari, ko baƙi daga waje. Waɗanda suka nuna ba su san birnin ba an fi zagayawa da su ta doguwar hanya, baƙin waje kuma an fi caje su fiye da ƙa'ida. Tasi masu mita aka yi binciken a kansu, ba na haɗaka ba, amma ya nuna inda cutar take samun ƙofa, watau tazarar da ke tsakanin abin da direba ya sani da abin da fasinja ya sani. Malaman fiƙihu sun daɗe da yi wa wannan hukunci a babin ciniki, inda suka yi magana a kan mai saye da ya miƙa wuya ga mai sayarwa saboda bai san farashin kasuwa ba, suka ɗauki tsawwala masa a matsayin zalunci ko da ya biya da hannunsa yana murmushi.

Wani abin lura, wanda masu wannan muhawara ba su cika ambata ba, shi ne tasin haɗaka ita ce ma ta fi kowace irin tasi kare baƙo. A cikin shata daga shi sai direba, babu shaida. A cikin haɗaka kuwa yana ganin abin da na kusa da shi ya miƙa da canjin da aka ba shi, kuma ba a rasa fasinjan da zai buɗe baki ya ce ba haka kuɗin yake ba. Saboda haka dabarar da aka fi yi wa baƙo ba ƙara masa kuɗin kujera ba ce a gaban jama'a, raba shi ake yi da jama'ar. A ce masa babu motar haɗaka zuwa inda za shi, ko ta ƙarshe ta tashi, ko a bar shi ya shiga mota babu kowa a ja a tafi, sai an isa a ce ai shata ya ɗauka. A Bairut, babban birnin Labanon, mota ɗaya ce take aikin biyu, kuma kalmar da aka furta a bakin taga kafin a shiga, servis ko tasi, ita ke raba kuɗin kujera da kuɗin mota gaba ɗaya. Ɗan gari ya san wannan tun yana yaro, baƙo kuwa sai ya biya kuɗin koyo.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ba duk ƙarin da baƙo ya biya ne cuta ba. Wanda ya zo da manyan akwatuna biyu da suka cinye but ɗin da ake lodin kayan mutum shida, ko ya ce ba zai iya zaman mutum biyu a kujerar gaba ba, ko ya gaji da jira ya ce a tashi da kujeru biyu babu kowa, ko ya nemi a kauce hanya a kai shi ƙofar masaukinsa, ya sayi abin da ya fi kujera ɗaya, kuma daidai ne ya biya. A Maroko sayen kujera biyu domin a sake abu ne sananne, ɗan ƙasa ma yana yi. Akwai baƙin da suke shigowa da zargi a zuciya, suna ɗaukar kowane ƙari a matsayin damfara, suna ja-in-ja a kan abin da bai kai kuɗin ruwan sha a ƙasarsu ba da mutumin da wannan ɗan abin yake da muhimmanci a wajensa. Ma'aunin da ke raba gardama a nan mai sauƙi ne: da ɗan gari ne ya nemi wannan abu, haka za a ce ya biya? Idan haka ne, kuɗin aiki ne. Idan ba haka ba ne, kuɗin baƙunta ne.

A ganina tambayoyin nan biyu, ta direba da ta baƙo, igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Inda aka danne kuɗin kujera har ya kasa ciyar da mai tuƙi, baƙo yana zama hanyar cike giɓi, direba ya riƙa ganin tsawwala masa a matsayin haƙƙinsa da aka hana shi a wani wuri, abokan aikinsa su kau da kai, jami'an tasha ma su kau da kai domin sun san lissafin ba ya fita. A haka sai a samu wani tallafi na ɓoye wanda babu majalisar da ta zartar da shi, ana karɓarsa daga duk wanda harshensa ya nuna ba ɗan gari ba ne. Matsin da direba yake ciki ya bayyana dalilin, amma bai halatta aikin ba, domin baƙon ba shi ya yanka balas ba, ba shi ya ƙara kuɗin mai ba. Kuma cutar tana komawa kan direbobin kansu: labari yana yaɗuwa a intanet cikin kwana ɗaya, baƙi su guji tasha su koma manhaja, direba mai gaskiya ya rasa fasinja saboda abin da wani ya aikata.

Wuraren da suka rage wannan rigima ba wa'azi suka yi wa direbobi ba, tsari suka gyara. A manyan tashoshin louage na Tunisiya ana yankar tikiti ne a taga bisa farashin da hukuma ta ƙayyade, saboda haka baƙo da ɗan gari takarda iri ɗaya suke riƙewa, kuma babu ciniki a bakin mota. A New York an yanke kuɗi tsayayye tsakanin filin jirgin sama na JFK da yankin Manhattan na birnin, dala 70 tun ƙarshen 2022, ban da kuɗin gada da wasu ƙare-ƙaren da aka bayyana, domin a toshe ƙofar zagaye da wanda ya sauka yanzu. Amma allon farashi yana aiki ne kawai muddin adadin da ke jikinsa yana tafiya da zamani. Idan aka rubuta shi a lokacin da mai yake da araha aka bar shi shekara uku ba a taɓa ba, direbobi za su daina kallonsa, fasinjojin gari su san sabon kuɗin da baki, baƙo kaɗai ya rage yana karanta allo yana zaton an cuce shi, ko kuwa a cuce shi da gaske ya kasa bambancewa. Abin da ke hana haka shi ne a ɗaure kuɗin kujera da farashin mai da na kayan gyara ta wata ƙa'ida da aka sani, a riƙa duba ta a kan lokaci, ta hau idan sun hau, ta sauka idan sun sauka, kuma a zauna da direbobin da suke tuƙi da hannunsu wajen yanke ta, ba masu motoci da shugabannin ƙungiya kaɗai ba, waɗanda kasonsu ba ya motsi ko an rage ko an ƙara. A jikin allon kuma a rubuta kuɗin kujera, da na kaya, da na shata, kowanne dabam, da lambobin da mai kowane harshe zai iya karantawa.